Rijiyar da Inji Ya Shanye

Kowane labari da wawansa, kuma a wannan ni ne. Na faɗa tun da wuri don kada mai karatu ya wahalar da kansa da nema, ya je ya ɗora wa wani bawan Allah. Yaran yanzu in sun gan ni a dakali da tabarau da carbi, ɗauka suke da hankalina aka haife ni. Ba su san furfura ba ta tambayar kai abin da ke cikinsa kafin ta sauka ba.

Ni mutumin Zango ne, nan Damagaram. Ubana ya rasu ina goye, uwata ta bi shi ban yi wayo ba, sai ƙanwar ubana ta ɗauke ni ta haɗa da ɗanta ta riƙe. Ita ce Gwaggo a labarin nan, ɗan nata kuwa taubashina ne, wanda tun muna tsirara aikinsa zagina, aikina ramawa. Da Nasara suka ce kowace unguwa ta kawo yara lakwal, wato makarantar boko, masu iyaye suka ɓoye nasu a rumbu, mai unguwa ya waiwaya ya hangi maraya. Ban daɗe a can ba. Na koyi cire hula, na koyi cewa "wi, Mushe," wato "to, maigida," na haddace sunayen kogunan ƙasar da ban taɓa gani ba, sannan aka kore ni saboda barci. Ilimin da na fito da shi bai isa ya zaunar da ni a biro, wato ofis, ba, amma ya isa ya hana ni ɗaukar kaya a ka. Irin wannan ilimi ya fi jahilci haɗari.

Sai na fara da rijiya, don ita ta riga inji zuwa.

Kakana madugu ne, ya yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Agadas har ƙafa ta ƙi. Da ya zauna sai ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa, sadaka, ya ce ƙishirwar da ya sha a hanya ba ya son wani ya sha irinta a ƙofarsa. Wanda bai san garin nan ba ba zai gane girman abin ba. Damagaram a kan dutse take zaune. Ka haƙa nan ka ci karo da fa, ka haƙa can ka sami ruwan kanwa wanda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Rijiyar kakana kuwa ruwanta mai daɗi ne. Ba yawa gare ta ba, kuma ba bulbulowa take ba. Tsattsafowa take a hankali daga jikin yashi, kamar gumi.

Shi ya sa take da doka. Da rani, daga hantsi zuwa la'asar, ana rufe bakinta da asabari a ɗora wani dutse mai faɗi. Mukan ce rijiya tana barci. Ko wa ya zo a wannan lokaci sai ya jira, in baƙo ne a ɗebo masa daga randar gida. Da la'asar a ɗauke dutse, a tarar ta tara. Bayan kaka kuma unguwa ta taru a yashe ta, samari a ciki da igiya, mata a waje da kunu. Da kakana ya rasu, dutsen ya koma hannun Gwaggo. Ba wanda ya naɗa ta. Ita ke ɗorawa, ita ke ɗaukewa, kuma ban taɓa jin wani ya tambaye ta dalili ba.

Na zama saurayi, gemu ya fara leƙowa, sai aka ce Nasara za su kafa gidan wuta a filin da ke tsakanin duwatsun bariki da Zango. Su suna ce masa luzin, mu ma muka kama. A lokacin gwamnan ƙasar duka a nan garin yake zaune, kuma ya gaji da fitilar kananzir. Kayan daga Kano aka ɗauko su, inda jirgin ƙasa ya sauke, wasu a kan amalanke, wasu a wuyan mutane. Akwai wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe da aka shigo da ita gari ana mata waƙa kamar amarya, sai dai masu rakiyar ba da son ransu suka zo biki ba. Aikin luzin uku ne: ya ba wayar iska wuta don Nasara su yi magana da ƙasarsu, ya haska gidan gwamna da na manyan soja, ya kuma yi musu ƙanƙara. Ku riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa.

Ma'aikata hawa-hawa muke, kamar tuwo da miya da ƙanzo. A sama akwai Mushe, wani Bafaranshe mai jan wuya wanda kullum da tsumma a aljihu. Injin nan "yarinyata" yake ce masa, yakan kara kunne a jikinsa ya saurara kamar ungozoma. A ƙarƙashinsa akwai makanikai biyu daga bakin teku, baƙaƙe kamarmu amma masu cin abinci da cokali. Sai masu naɗi. Waɗannan maɗinka ne da masaƙa na unguwar Birni, Mushe ya zaɓe su saboda laushin yatsa. In cikin dinamo, wato ɓangaren injin da ke haifar da wutar, ya ƙone, su ke warware wayar tagulla su sake naɗa ta zare-zare, su shafe da ƙaro, a ɗaki mai taga guda. Sai dukawa, domin ɗamarar da ke juya injin ba ta yi wata nawa ba ta tsinke, kuma wadda suka ɗinka da fatar sa ta fi ta Faransa daɗewa. Ba a taɓa gaya musu haka ba, sai ni da na ji Mushe ya faɗa da harshensa. Sai masu wuta, masu zuba gawayi a tanderu, kuma taubashina yana cikinsu. Da yamma in sun fito, ido da haƙori kawai ke nuna mutane ne.

Can ƙasa kuma akwai waɗanda ko ma'aikata ba a ce musu. Ƙauyawa ne da bulamomi, masu garinsu, ke turowa aikin dole daga wajen Gaffati har zuwa Takaya, su saro itace su ƙona gawayi, da guzurinsu a rataye, sau da yawa a lokacin da gero ke jiran noman farko. Da aka fara, a bayan gari ake saran itace. Kafin a gama sai an kwana a hanya. Tare da su akwai mata masu tulu da ke cika tankin da ke sanyaya injin.

Ni kuwa ina rataye a tsakiya kamar jemage. Aikina in mayar da zagin Mushe zuwa Hausa, in rage masa gishiri ko in ƙara gwargwadon yadda nake da mutum, in goge ƙwayayen fitila, waɗanda muke ce wa ampul, sannan da almuru in ja wani hannun ƙarfe mai mariƙin itace wanda ke tura wuta cikin waya. Wannan jan hannu shi ya ɓata ni. Ka ja abu da hannunka, ka ga duwatsun bariki sun yi fari tas. Na naɗa kaina Sarkin Haske, na kuma sa aka ɗinka mani wandon kaki mai matse gwiwa.

Taubashina yakan tsaya a bakin tanderu ya durƙusa da shebur a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Haske. An ce a gidanka da wutar kara ake neman ƙuma."

"Yi aikinka, baƙin gawayi. Wanda bai san a da b ba, ba ya magana a gaban inji."

"Ai injin ma bai sani ba, ga shi kuwa ya fi ka daraja."

Matsala ta zo da bazara. Injin ya ci gawayi ya ƙoshi, amma ƙishirwarsa ba ta da magani. Tafkin da ake ɗebo masa ruwa ya ƙafe, matan tulu suka koma ɗebowa daga rijiyoyin kanwa, kanwar ta yi farin ɓawo a cikin injin ta toshe shi. Mushe ya yi ta zagi, ni ina fassarawa har murya ta dushe. Wata rana da tsakar rana ya ga gorata a rataye, ya sauke ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa. Ya ce daga ina wannan ruwa?

Mai hankali cewa zai yi bai sani ba. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ba shi tarihin kakana tun daga raƙumin farko, har na ƙara da cewa rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Ban gaya masa dalilin da ya sa ba ta ƙafewa ba, don a lokacin kunyar dalilin nake ji. Wa zai tsaya gaban mai inji ya ce rijiya tana barci?

Washegari ya kira ni. Ya ce za a kafa famfo a rijiyar, a ja bututu zuwa luzin. Ya ce kwamanda, Baturen da ke mulkin gari, ba ya son hayaniyar mata a ƙofar bariki, saboda haka ya fi so mai rijiya ta yarda da bakinta. A madadin haka za a rataya ampul guda a ƙofar masallacin Zango, ta farko a duk unguwannin baƙar fata. Wannan da bakinsa ya faɗa, ban ƙara masa ba. Sai na tattaro ƙarfin hali na yi masa maganar barcin rijiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya daddaɓa kafaɗata. Ni kuma na ɗauki daddaɓawar nan na sa a aljihu a matsayin "na yarda."

Na sami Gwaggo a tsakar gida tana ɓarar tsamiya. Mai unguwa ya biyo ni ya tsuguna a bakin zaure, don ya ce shi ba zai sa baki a maganar rijiya ba sai ya ji ta bakinta.

Na ce, "Gwaggo, barka da hutawa."

"Wa ya ce maka hutawa nake? Zauna, in wandon naka zai yarda."

Na zauna da ƙyar, na kwashe zance na gaya mata. Na yi mata bayanin ci gaba. Na ce Kano ma ba ta da fitila a ƙofar masallaci, ban kuwa taɓa zuwa Kano ba. Na ce tsofaffi za su daina tuntuɓe in sun fito sallar lisha, na ce sunan kakana zai ƙara haske. Tana ta ɓara, ba ta ɗago ba.

Can ta ce, "Wannan abin naku, yana ƙoshi?"

"Gwaggo, inji da lissafi yake aiki. Ba ya shan abin da ya wuce bukatarsa."

"Haka ake cewa da baƙo ranar da ya sauka. Yana barci?"

"Ana kashe shi wani lokaci."

"Ba don shi na tambaya ba. Ita fa, zai bar ta ta yi nata?"

Taubashina, wanda ya taso daga aikin dare yana wanke baƙin fuskarsa a gefe, ya ce, "Inna, tambayi Sarkin Haske ko shi injin ya taɓa barin sa ya yi azahar a kan lokaci."

Na ce masa ya rufe baki, manya na magana.

Gwaggo ta ture ƙwaryar tsamiya gefe. Ta ce, "Ni ban san Nasara ba, ban san inji ba. Kai na sani, don ni na yaye ka. Dube ni. Rijiyar ubana za ta yi barcinta?"

Na ce, "Za ta yi."

"Mai unguwa, ka ji?"

Ya ce ya ji.

Ta miƙe, muka bi ta waje. Azahar ce, rijiya a rufe. Ta nuna mani dutsen ta ce, "To ɗauke da hannunka." Na ɗauke. Bai yi mani nauyi ba a ranar. Daga baya ne ya riƙa ƙara nauyi, shekara bayan shekara.

Masu son su lallashe ni sukan ce ko na ƙi, da gardi, ɗan sandan Nasara, za a zo a karɓi rijiyar. Gaskiya ne, kuma na daɗe ina lulluɓa da wannan gaskiya kamar bargo. Amma da an yi haka, da ƙwace aka yi mata, kuma wanda aka yi wa ƙwace yana da inda zai kai kuka, ko da wajen Allah ne. Ita kuwa bayarwa ta yi, a gaban shaida, a kan maganar ɗan da ta yaye. Ko bakin kuka ban bar mata ba.

Da farko abin ya yi kyau, kamar kowane abu irinsa. Aka kafa famfo, aka bar wani ɗan baki a gefe inda mata ke tara tulu ba sai sun ja guga ba, har suka yi mani guɗa. Aka kawo itatuwan giginya daga kudu aka kafa a titinmu, aka ɗaura musu wuyan kwalba don waya ta zauna a kai. Guda daga ciki daidai ƙofar masallaci aka kafa shi. Na tsaya ina ba da umarni ga mutanen da ba su tambaye ni ba. Waya ta zo, ta bi ta kan masallaci, ta wuce, ta je ta shiga gidan wani Bature mai kanti a ƙarshen unguwa.

Da magariba yara sukan taru a gindin giginyar nan su ɗaga kai. Tsofaffi suka matso da tabarmi kusa, wai kada haske ya zo su rasa wuri. Liman da kansa ya tambaye ni ko abin yana da zafi, kada ya ƙona rawani. Na ce su yi haƙuri, saura ƙiris. Na tambayi Mushe, ya ce ampul ɗinmu tana cikin jirgin ruwa. Bayan damina na sake tambaya, tana cikin jirgi. Jirgin nan da tafiya yake yi da gaske, da ya zagaya duniya ya dawo ya tarar da kansa.

Barcin rijiya kuwa ba ta sake yin sa ba. Tsakar rana ce lokacin da injin ya fi jin ƙishirwa, don a lokacin ne ake haɗa ƙanƙarar da za a kai bariki da yamma. Daga hantsi zuwa la'asar famfo na tsotsa, kana ji daga cikin gida, fut, fut, fut, kamar ɗan maraƙin da ba a ɗaure ba. Gwaggo dai ta sa aka jingine dutsen nan a jikin bango, in na shigo sai na wuce ta gabansa.

Damina ta biyu ba ta yi ƙarfi ba. Ruwa ya fara fitowa da launin kunu, daga nan da yashi. Aka toshe bakin da aka bar wa mata, aka ajiye gardi da bulala: luzin tukuna, unguwa in an rage. Ba a ragewa. Matan da suka yi mani guɗa suka koma tafiya bayan gari da tulu, in sun hange ni su tofar da yawu gefe, su da suke tattalin kowane ɗigo. Gwaggo ma, da shekarunta, na gan ta da tulu a ka.

A nan ne na yi wata dabara irin tawa. Na ce bari in faranta mata rai da abin da ba ta taɓa gani ba. Na saci wani ɓari na ƙanƙara, na naɗe a buhu, na ruga da shi gida a guje rana na cin sa. Na ajiye mata a ƙwarya na ce, "Gwaggo, taɓa ki ji ikon ilimi."

Ta sa yatsa ta janye. Ta zauna tana kallo har ya narke, abin da ya rage bai fi kurɓi biyu ba.

Ta ce, "Na rijiyarmu ne?"

"Shi ne."

Sai ta sunkuya ta dubi ruwan, ta ce da shi, ba da ni ba, "Sannu da dawowa. Ka rame." Ta miƙa wa kaza.

Wannan ya sa na koma wa Mushe. Na cire hula, na haɗa duk Faransancin da nake da shi, na roƙe shi a kashe famfo ko da na wata guda ne, a bar ta ta tara. Bai yi fushi ba. Ya ce rijiya ba mutum ba ce, rami ne, kuma ramin da ya gaza ƙara masa zurfi ake yi. Ya ce in fassara wa masu wuta su kawo diga. Na fassara.

Taubashina na cikin waɗanda aka zura da igiya. Suka haƙa suka wuce yashi suka tarar da fa. Mushe ya sa aka huda dutsen aka cusa albarushi. Ƙarar ta tayar da shamuwa daga kan kuka, ta zubar da tukwane a gidaje. Da ƙura ta lafa, bangon yashin da ruwa ke tsattsafowa daga jikinsa ya rufta gaba ɗaya. Aka yi kwanaki ana kwashewa. Abin da ya taru daga baya ɗan kaɗan ne, kuma da taubashina ya ɗanɗana sai ya furzar. Kanwa ce.

Da aka jawo shi sama, jikinsa duk taɓo, ya dube ni. Na jira zagi, har ina so ya zo. Bai zage ni ba. Tun daga ranar ya daina ce mani Sarkin Haske, ya koma gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Wanda bai taɓa rasa zagin taubashinsa ba bai san maraici ba.

Aka kwance famfo aka kai wata rijiya a wata unguwa. A can ba a nemi tafinta ba, gardi aka tura.

Luzin bai daɗe bayan nan ba. Labari ya zo cewa gwamna zai tashi da kujerarsa ya koma Yamai, bakin kogi. Na tambayi ɗaya daga cikin makanikan nan na bakin teku dalili, ya ce dalilai da yawa ne na manya, amma wanda ake faɗa a fili shi ne Damagaram ba ta da ruwa. Ni na fassara wa ma'aikata wannan ma. Wani tsoho cikin masu naɗi ya ce in maimaita, bai ji da kyau ba. Na maimaita. Ba wanda ya yi dariya, alhali ban taɓa fassara abin dariya kamarsa ba.

Aka bar wa soja wani ƙaramin inji a bariki don wayar iska, aka kwance babban aka ɗaɗɗaure. Makanikai suka bi shi. Mu kuwa aka tara mu a fili, Mushe ya ce mun yi ƙoƙari, kowa ya kama gabansa. Masu naɗi suka koma ga allura suka tarar ido ya ƙare a ɗakin nan mai taga guda, wasu har jikoki ke zura musu zare. Masu wuta suka tafi da tari mai baƙin majina, shi ne ya yi ajalin taubashina bayan wasu shekaru. Ƙauyawa suka koma gonakinsu, babu inuwar da za su zauna su ci tuwo, don su da kansu suka sare ta. Dukawa ne kaɗai suka fita da riba, sun koyi ɗinkin da ba ya tsinkewa. Wayar tagulla aka naɗe aka tafi da ita, aka bar mana itatuwan giginya, awaki suka sami wurin soshe-soshe.

Ba zan ce Mushe shaiɗan ba ne. Ranar da aka kwance injin na ga hawaye a idonsa, kuma na gaskiya ne. Mutum ne mai tausayi, sai dai tausayinsa duka ƙarfe ya cinye. Da zai hau mota ya kira ni, ya buɗe wani akwati cike da ciyawa, ampul a jere a ciki kamar ƙwan zabo, ƙura ta rufe murfin. Ashe jirgi ya daɗe da isowa. Ya zaro guda, sabuwa fil, ya sa mani a hannu ya ce in riƙa tunawa da shi. Ya sake daddaɓa kafaɗata.

Yanzu ku auna wautar da kyau, don nan ce ƙololuwarta. Babu inji, babu waya, babu aiki, babu rijiya. Amma da na ji ƙwan nan a tafin hannuna, mai santsi, da ɗan zarensa a ciki yana rawa, sai zuciyata ta ce ai ga alkawari ya cika, ko da rabi ne. Na goge shi da gefen riga, na nufi gida ina shirya jawabi a hanya.

La'asar ta yi. Na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar gida, kusa da bakin rijiyar da yanzu aka rufe da ƙaya don kada yara su faɗa. Butarta na gefe. Jira take matar taubashina ta dawo daga ɗibar ruwa, tun hantsi ta tafi. Mutane na wucewa zuwa masallaci, wasu suka tsaya da suka ga abin da ke hannuna, har da mai unguwa.

Na durƙusa, wando ya yi ƙara. Na ɗaga ƙwan sama yadda kowa zai gani. Na ce, "Gwaggo, ga fitilar Zango. Ba ƙarya na yi miki ba, ƙaddara ce ta riga fata. Da sun ƙara shekara guda, da kin gan ta a rataye. Wannan da kike gani, in ta sami wuta, ta fi aci-bal-bal ɗari. Hasken da ke cikinta ya isa ya cika unguwar nan tun daga kasuwa har masallaci."

Ta dubi ƙwan, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki butar, ta cire murfi, ta miƙo mani.

"Madalla, ɗana. Tsiyaya mani kaɗan a nan in yi alwala, lokaci na wucewa."